Yadda na gyara shirina na kai-tsaye a TikTok da ke galabaitar da ni a kan keken guragu

Matsalar uku ce: rashin barci, doguwar zama, da zagin masu sharhi.

Agogon Jidda ya riga na Kano da awa 2, wato shirin ƙarfe 9 na daren Kano ƙarfe 11 ne a nan Jidda, inda nake. Na dawo da shi ƙarfe 7 na Kano, na taƙaita shi zuwa awa ɗaya.

Zaman ya fi komai haɗari, domin hira tana daɗi sai a manta da jiki. Na saita ƙararrawa duk minti 20, in sunkuya gaba ko in karkata gefe na minti 2, jini ya koma fatar mazaunai. Bayan shiri a duba da madubi. A baƙar fata gyambon zama ba lallai ya fara da ja ba: wurin yakan yi duhu, ya ɗau zafi ko ya taurare. In an ga haka, a daina zama a kansa, a nemi likita.

Zagi kuwa, na zuba kalmomin cin mutunci a matatar sharhi ta TikTok, wadda ke ɓoye sharhin da ke ɗauke da su, na naɗa masu kula biyu suna karɓa-karɓa, don su ma zagin yana taɓa musu zuciya.