Yadda ake gwada sansar tankin ruwan firji kafin a ce ta mutu

Duk lokacin da hunturu ya kama a Jos sai na ga yaran shago suna dawowa daga gidajen mutane da sansa, wato 'yar na'urar da ke jin zafi da sanyin firji, a aljihu, suna cewa "Oga, ta mutu." In na karɓa na gwada, sau da yawa lafiyarta ƙalau. Ina magana ne a kan manyan firji masu ƙofa biyu, waɗanda ake tarar ruwan sha a jikin ƙofarsu. Ƙorafin masu su iri biyu ne: ko ruwan ya ƙi fita sam, ko ya fito ba sanyi.

Da farko ka bi ta kan ruwan kansa. Ka duba ko famfon da ke ba firjin ruwa a buɗe yake, ka duba filta ko ta toshe. Danna wurin tarar ruwa ka kasa kunne a bayan firjin. In ka ji bawul, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya, yana gurnani amma ruwa bai zo ba, akwai yiwuwar ya daskare a tanki. Tankin na roba ne, galibi yana bayan akwatunan kayan miya. Zare filogi, bar ƙofa a buɗe na wasu awanni, sannan ka sake gwadawa. In ruwa ya dawo, to ƙanƙara ce, kuma yanzu ne kake da hujjar zargin sansa. Kada ka kuskura ka sa wuƙa ko tafasasshen ruwa a jikin tankin nan, fashewa zai yi.

Sai ka nemo sansar. Wasu firji suna da sansa ta musamman a jikin tanki, da yawa kuwa ta ɗakin firjin ce ke kula da komai. Ƙaramin abu ne kamar ƙwayar magani, da wayoyi biyu. Wuta a cire, ita ma ka zare ta daga soket ɗinta. Wanda ya auna ta da mita (multimita) tana haɗe da bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa firjin, bod ɗin yake aunawa tare da ita, lambar da zai gani ba ta da amfani.

To ga inda ake faɗuwa, ni ma nan na faɗi ina sabon shiga. Irin wannan sansa, zafi na ƙaruwa lambarta a mita na raguwa, sanyi na ƙaruwa lambar na hawa. Waɗanda muka fi gani iri biyu ne, mai 5k da mai 10k (k na nufin om dubu, om kuwa ma'aunin turjiyar lantarki ne), kuma wannan lamba a zafin digiri 25 ake nufi. Wa ya ce maka ɗakin girkin da kake tsaye a ciki ya kai digiri 25? Da safiyar Disamba a Rayfield ko Bukuru, ɗaki yana iya zama digiri 15, kuma a nan lafiyayyiyar sansa mai 5k za ta nuna kusan 8k. Haka na taɓa gani a gidan wata Hajiya, na ce mata ta lalace, na sayo sabuwa na sa. Bayan kwana uku ta kira ni: "Malam, ruwan nan fa ya sake tsayawa." Kuɗinta sun tafi a banza, ni kuma na sha kunya.

Tun daga ranar ba na yanke hukunci da iskar ɗaki. Ƙanƙara nake nema. Cika kofi da farfasasshiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan ya ratsa ta, ka juya. Ruwan nan dole ne, domin ƙanƙarar da aka ciro daga firiza ta fi digiri sifili sanyi, amma in ta haɗu da ruwa sai ta tsaya a sifili, ko a Jos kake ko a Abuja. Tsoma kan sansar kawai, kada soket ya jiƙe. Sa mita a om, ka jira minti biyar cur. Yara ba sa jira, da lamba ta motsa sai su ciro. Mai 5k za ta tsaya tsakanin 13k da 16k da ɗan wani abu, gwargwadon kamfani, mai 10k kuma wajen 27k zuwa 33k. In ka samu takardar firjin, bi lambarta, kuma in bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100 ni canzawa nake yi.

Ciro ta ka damƙe a tafin hannu kana kallon mita. Lambar ta riƙa sauka a hankali ba tsalle. In ta ƙame wuri ɗaya, ko tana ɓacewa tana dawowa, ta tafi. In mita ta nuna OL, na nufin ta yanke a ciki, kusa da sifili kuma ta haɗe. Ka riƙe wannan ma: in lambar ta gaza yadda ya kamata, bod zai ɗauka akwai zafi, ya yi ta tura sanyi har tanki ya daskare. In ta zarce, zai ɗauka sanyi ya isa, ruwa ya fito da ɗumi. Idan ƙorafin mai firji bai dace da abin da mita ta nuna ba, laifin yana wani wuri.

In ta ci jarrabawa, mayar da ita, ka zare soket ɗin da ke shiga bod, ka sake aunawa daga can. Lamba ta bambanta sosai? Waya ce, ko tsatsa a bakin soket, wani lokacin ma ɓera. In duk daidai ne, duba ƙofar iskar da ke shigo da sanyi daga firiza. A gidan Hajiyar nan ita ce ta maƙale a buɗe.

Wajen canji, sayi mai lamba ɗaya da tsohuwar, ko ta gwanjo ce, amma ka tsoma ta a ƙanƙara kafin ka rufe. Haɗa da dalma ka rufe da robar da ake ƙonawa ta matse, ban yarda da murɗa waya a naɗe da salatif ba, danshi zai shiga. Mayar da ita daidai mazauninta, kunna, ka ba firjin kwana ɗaya kafin ka tari ruwa ka gani.