Masu shirin WAEC, ku kula da "learn"

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu Hausawa "koya" ɗaya muke da ita: na koya, ya koya mini. Shi ya sa a Jos za ka ji yaro ya ce wa malaminsa "learn me English". Kuskure ne. Mai ɗaukar karatu shi ke da learn, mai bayarwa kuma teach. Sai a ce "teach me".

Inda aka fi rikicewa shi ne "I learnt that". Idan abokinka ya rubuto maka "I learnt that you have moved to Bukuru", babu wani koyo a ciki, cewa yake ya samu labarin ka koma Bukuru. A wasiƙa ta fi "I heard" nauyi, ni ita nake ba ɗalibai shawara su riƙe.

"Learn by heart" kuwa hadda ce, irin ta almajiri da allonsa. "He has learnt his lesson", wato ya ji a jikinsa, ba zai sake ba.

Learnt ko learned? Duk daidai ne. Ingila sun fi amfani da ta farko, Amurka ta biyu. Ka zaɓi ɗaya, kada ka cakuɗa su a takardar jarrabawa.