Kurakuran da sabon malami ya fi yi a darasin yamma na 'ya'yan baƙi a Kumasi

Wanda ya kama aiki a ɗaya daga cikin wuraren darasin yamma da ke unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ta Ghana, inda ake tara 'ya'yan baƙi bayan an tashi daga sukul, kuskurensa na farko sananne ne: yaro ba ya jin Turanci, sai a ɗauka bai san komai ba. Ni ma na yi shi. A satina na farko aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara 12 daga Doso ta Nijar. Na tambayi sunanta da Turanci, ta sunkuyar da kai, ni kuwa na zaunar da ita a bencin ƙanana masu rera ABC. Kwana uku ba ta ce uffan ba. Ran na huɗu na leƙa bayan littafinta, sai ga lissafin rabawa da na rubuta wa manya a allo, ta yi shi tsaf, illa dai ta ja layinta a dama, ta sa amsa a ƙarƙashin lambar da ake rabawa da ita, yadda ake koyarwa a makarantun Faransanci. Ashe ta kai ajin CM1 a gida, shekara ta biyar ke nan a firamare. Kunya ta rufe ni.

Maganin wannan shi ne ka gwada yaro ta hanyar da Turanci ba zai tare shi ba. Ba shi lissafi a takarda. Ka ce ya karanta maka duk abin da ya iya, ko da Faransanci ne, ko allonsa. Ka kuma san 'yan abubuwan da ke sa a yi wa waɗannan yara jan biro a banza. Yaron da ya fito daga Nijar ko Burkina ko Togo zai rubuta 2,5 inda mu ke rubuta 2.5, kuma daidai ne a can. Sunayen haruffa ma tarko ne: in ka kira E da Turanci, shi I ya ji, G da J kuwa sai ka ce musayar suna suka yi tsakanin harsunan biyu. Ka yi masa shifta ya zubar da rabin maki, alhali kunnensa lafiya lau. Minti goma kullum kan sunayen haruffa ya fi faɗan wata guda amfani.

Sai kuma mu 'yan zango da muke ganin kowa Bahaushe ne. Bazabarme da Bamoshe da Bafulatani suna iya gaisawa da Hausa, amma bayanin darasi ya wuce su. Nemi wani yaro mai jin yarensu ka zaunar da su benci ɗaya. Ko Hausar ma ba ɗaya ba ce: ɗan Maraɗi zai ce lakwal da kaye, kai kana cewa sukul da littafi. Kada ka bari a yi masa dariya. Ka tuna kuma Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ta ɗauka don koyarwa, don haka da safe yaron nan yana fama da Turanci, ga kuma Twi, wanda tsofaffinmu ke kira Tonanci.

Maganar takardu ita ce wadda ta fi korar iyaye. Sabon malami ya ɗauko fam ranar farko, yana tambayar katin shaida da garin haihuwa, shi a ransa tsari yake yi. Washegari benci ya zama wayam. A zango har yanzu akwai dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Minista Busiya, kuma labarin bai mutu a gidaje ba. Rubuta sunan yaro da na wanda yake hannunsa, ka tsaya nan. In lokacin rajistar jarrabawar BECE ya matso, a ajin ƙarshe na JHS, wato ƙaramar sakandare, ka bi ta wurin liman ko sarkin ƙabilarsu, a yi maganar a zaure.

Kada ka yi kishiya da makarantar allo, ba za ka ci ba. Rana a Kumasi tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, ga la'asar a tsakiya, saboda haka lokacin da ake rigima a kansa bai taka kara ya karya ba. Ka je da ƙafarka ka gaida malamin. "Allah gafarta Malam, yaran nan naka ne, aron awa ɗaya na zo nema." Na ga wannan ya warware abin da wasiƙa uku ba su warware ba.

Bulala kuwa ka bar ta a gida. Hukumar ilimi ta GES ta hana duka tun 2017, kuma yaron da bai fahimci laifinsa ba tsoronka kawai zai koya.

Mai gyangyaɗi ma ka bincika kafin ka daka masa tsawa. Wani tun kokon safe bai sa komai a cikinsa ba, wata kuma daga tallar ruwan leda a kasuwar Kejetia ta zo. In yarinya ta yi fashin kwana biyu, kada ka aika da saƙon faɗa. Je gidan bayan magariba, ka gaisa sosai, sannan ka ce, "Mma, wace rana ce ciniki bai da yawa? Ko kwana uku a sati ne ki ba ni ita." Yawanci uwar za ta ƙirga da yatsu ta faɗa maka ranakun, ka rubuta su a gabanta.