Yadda za ka yi zaɓen gaskiya a Eurovision, gasar waƙa ta Turai

Da farko dai ka saurari waƙoƙin duka kafin ka duba tutar kowa, don wallahi siyasa ta yi wa gasar nan katutu, dubi Girka da Saifurus, sun saba miƙa wa juna maki 12, wato mafi yawan makin da ake bayarwa, kamar 'yan gida ɗaya. Dama doka ta hana ka zaɓi ƙasarka. Tun 2023 har waɗanda ƙasarsu ba ta ciki suna iya zaɓe ta intanet da katin banki, to kar ka bari tausayi ko haushin wata gwamnati ya ja hannunka. Sannan in sakamako ya fito ka kwatanta makin alƙalai da na jama'a, a 2023 jama'a Finlan suka fi so amma makin alƙalai ya ba Suwidin kofi.