Kafin ku sake tura buƙata, ku ɗaura mata lamba

'Yan uwa masu rubuta manhaja, idan aikin da kuka aika wa wata sabar (kwamfutar da ke karɓar buƙatun manhaja ta intanet) zai ɗau lokaci, kamar sarrafa bidiyo, kada manhajarku ta tsaya cak tana jira. Sabar ta amsa da lambar HTTP 202, wato ta karɓa amma ba ta gama ba, ta ba ku adireshin da za ku riƙa leƙawa don ganin ko an gama. Aikin kansa ya shiga layi a RabbitMQ ko Kafka, wato manhajojin layin saƙo.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Intanet ta yanke, amsa ba ta dawo ba, sai manhaja ta sake turawa, alhali saƙon farko ya isa. In biyan kuɗi ne, shi ke nan an cire wa mutum kuɗi sau biyu! Don haka kowace buƙata ku ba ta lambarta ta musamman, UUID (doguwar lamba da da wuya ta zo ɗaya da wata) ta wadatar, in za ku sake turawa ku tura da lambar nan dai, sabar kuma ta adana lambobin da ta gani. Lambar da ta sake dawowa, a mayar mata da tsohuwar amsa kawai, kada a sake yin aikin. Ni dai ba na amincewa da tsarin da bai yi wannan ba, domin shi kansa layin saƙo yakan kawo abu ɗaya sau biyu.

Wajen maimaitawa ku riƙa ninka tazara, daƙiƙa 1, 2, 4, 8, kuna ɗan sassaɓa lokacin don kada na'urori su afka wa sabar gaba ɗaya. In ta turo 503, wato ba za ta iya aikin yanzu ba, tare da Retry-After mai faɗin lokacin da za a sake gwadawa, ku bi lokacin da ta faɗa.