Kurakuran da masu haɗa kiɗa suke maimaitawa wajen sayen samfila a Damagaram

Kusan kowane wata sai wani matashi ya shigo ɗan ɗakin da nake haɗa kiɗa a Zango, ko dai da na'ura a cikin jaka ko da hotonta a waya, yana cewa, "Yaya, duba mini wannan." Mafi yawansu sun riga sun biya kuɗin kafin su zo, shawarar da suke nema ta zama ihu bayan hari. Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya yana cin kuɗin yaran da suka yi watanni suna tarawa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani, har da wanda ni kaina na koya da hasara.

Samfila dai na'ura ce, ko manhaja, da take ɗaukar sauti ta adana shi, ta ba ka damar yanka shi gunduwa-gunduwa, ka ɗaga muryarsa ko ka saukar, sannan ka buga shi da yatsa a kan maɓallai. Wanda ya riƙe wannan bayanin da kyau ba zai faɗa cikin kuskuren farko ba, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai.

Akwai na'urori da yawa masu araha da suke ɗauke da sunan samfur, wato guntun sautin da aka ɗauka, a jikinsu, amma ba su iya ɗaukar sauti da kansu. Abin da suka iya kawai shi ne buga sautin da aka zuba musu daga kwamfuta ko waya. Ni na sayi irin wannan a farkon farawata. Na tara jika 90, wato sefa dubu 90, cikin wata bakwai, na aika wa wani ɗan uwa da ke ƙasar waje ya sayo mini. Ranar da ta iso ban ko kwana ba na je Birni na yi magana da wani dattijo makaɗin kalangu, muka sa ranar da zai zo in ɗauki kiɗansa. Ya zo da yaronsa, ya zauna a kan tabarma, ya gyara kalangun a hamata, ya ɗan gwada shi sau biyu. Ni kuwa ina riƙe da igiyar makirufo, ina juya na'urar gaba da baya ina neman ramin da zan soka ta. Akwai ramin abin saurare na kunne, akwai na wuta, akwai na haɗa ta da wata na'ura, amma babu ƙofar da sauti zai shiga. Dattijon ya yi shiru yana kallona har ya ce, "Yaro, ko mu dawo wani jiƙon?" Na ba shi kuɗin mota, na raka shi bakin titi, kuma har yau idan na tuna da wannan yammacin sai in ji nauyi a ƙirjina, domin na ɓata lokacin mutumin da ya girme wa mahaifina.

Laifin nawa ne, domin masu ƙera irin waɗannan na'urori sun rubuta gaskiya a takardunsu, ni ne ban karanta ba. Volca Sample ta kamfanin Korg, wadda ta fito a 2014, na'ura ce mai daɗin aiki, amma ba ta da mashigar sauti, kuma ta farkon daƙiƙa 65 kacal take iya riƙewa. Model:Samples ta Elektron ma buga sauti take yi, ba ta ɗauka. Circuit Tracks ta Novation ta fi rikitar da mutane, domin tana da ramukan shigar sauti a baya, amma sautin wucewa kawai yake yi ba ya zama a ciki; ƴar uwarta Circuit Rhythm ce mai ɗauka. A ɗaya ɓangaren, ƴar ƙaramar PO-33 ta Teenage Engineering, da ba ta fi tafin hannu ba, tana da makirufo a jikinta kuma tana riƙe daƙiƙa 40, haka nan dukan jerin SP-404 na Roland suna ɗauka kai tsaye. Al'adata yanzu ita ce ba na duba hoton gaban na'ura sai na ga na bayanta. Ina neman inda aka rubuta MIC ko LINE IN, kuma na san cewa MIDI IN da SYNC IN ba hanyar sauti ba ce. Ko na ga ramin ma ba na yarda sai na ga bidiyon wani yana magana a cikinta, ya danna maɓalli, muryarsa ta dawo.

Wani zai ce ai ana iya ɗauka da kwamfuta a zuba. Gaskiya ne, kuma wanda ya sayi irin waccan na'urar da saninsa bai yi kuskure ba. Amma mu a nan abin da muke da shi wanda babu a kundin sautin da ake sayarwa a Turai shi ne kalangu da kotso da gurmi da shantu, da algaita da kakakin da ake busawa a ƙofar fada ranar hawan salla. Idan na'urarka ba za ta iya bin ka zuwa inda waɗannan suke ba, to ka sayi abin da zai sa ka buga ganga iri ɗaya da ta kowa a duniya.

Kuskure na biyu shi ne wuta, kuma a nan zan yi faɗa, domin na sha faɗa ba a ji. Kuran ɗinmu bolt 220 ne. Na Amurka 120 ne, na Japan 100. Tsofaffin na'urori da yawa da ake samu na hannu an ƙera su ne don ƙasa ɗaya kawai, ba su da dabarar daidaita kansu kamar cajar waya ta yau. Ta biyun da na saya, tsohuwa ce mai nauyi da wani ya kawo daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, na ga bakin igiyarta bai shiga soket ɗinmu ba, sai na sayi ɗan abin canja baki a Kasuwar Dole na soka. Fitilarta ta kawo na daƙiƙa kamar uku, na ji wani ɗan ƙara, sai warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Mai gyaran rediyon da na kai wa ya juya ta, ya goge ƙurar wata ƴar farantin ƙarfe da babban yatsa, ya nuna mini inda aka rubuta 100V, ya ce, "Malam, ba ka duba nan ba?" Abin canja baki siffar ƙarfe kawai yake canjawa, ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Wanda bai ga an rubuta 100–240V a jikin na'ura ko cajarta ba, to tiransifoma mai rage wuta yake bukata, kuma ya sa kuɗinta cikin lissafi tun kafin ciniki.

Ku kuma da kuke ɗaukar kowace caja da bakinta ya shiga ku soka, ku daina. Caja biyu za su iya zama bolt 9 dukansu, amma a ɗaya tsakiyar bakin ne mai alamar ƙari, a ɗayar kuma mai alamar ragi, kuma kamfanonin kayan kiɗa ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Akwai ɗan zane a jikin na'urar da a jikin cajar, dole su zama iri ɗaya. Ni kowace caja a ɗakina na manna mata takarda da sunan na'urarta, kuma ba na ba da aro. Sannan duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a garin nan ya san yadda wuta take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, don haka na fi son abin da ke aiki da batir: SP-404MKII ta 2021 tana cin batir shida ko ta sha daga USB-C, PO-33 ƙananan batir biyu ne, Circuit Rhythm tana da nata a ciki. MPC One ta Akai na'ura ce cikakkiya da ba ta bukatar kwamfuta, amma sai da wutar bango, saboda haka mai sayen ta ya tanadi regilater da abin riƙe wuta.

Daga nan sai masu bin tsohon suna. Yaro ya ji cewa manyan masu haɗa kiɗan Amurka da SP-1200 ko MPC60 suka yi suna, sai ya ƙudurta sai ya samu mai kama da su. SP-1200 ta E-mu ta fito a 1987, daƙiƙa 10 take ɗauka gaba ɗaya. MPC60 ta biyo a 1988, Roger Linn ne ya tsara ta tare da Akai. Sautinsu mai kauri ne, ban musa ba, amma yau tsadarsu ta masu tara kayan tarihi ce. Waɗanda suka biyo bayansu, irin MPC2000XL, da faifan fulofi suke adanawa, wanda ke ɗaukar megabait 1.44. Sauti mai kyau na layi ɗaya yana cin kusan megabait 5 a minti, ke nan faifai guda bai wuce daƙiƙa 17 ba. Ƙwaƙwalwarsu kuma tana shafewa da zarar wuta ta ɗauke, aikin yini ya tafi idan ba a adana ba. Ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, da rashin kayan gyara ko a Kano, sai ka ga arahar ta zama tsada.

Ɓangaren manhaja ma yana da nasa ciwon. Abin da na fi gani shi ne yaro mai tsohuwar kwamfuta da ƙwaƙwalwar gigabait 4 ya je an zuba masa manhajar samfila ta Kontakt ta sata tare da kundaye masu cin gigabait goma-goma, na goge da fiyanon Turawa da ba zai taɓa amfani da su ba. Kwamfutar ta riƙa tsayawa, ƙwayar cuta ta bi filashi ta cinye ayyukansa, sannan ga haƙƙin mutane a wuyansa. Kuna neman a biya ku kuɗin kiɗanku, amma kuna fara sana'ar da kayan da ba ku biya ba, alhali na halal kyauta suna nan. TX16Wx yana da sigar kyauta da take yanka sauti ta shimfiɗa shi a kan maɓallai, Decent Sampler kyauta ne, Akai ta saki MPC Beats kyauta a 2020, Audacity yana ɗauka yana gogewa. Wanda ya sayi manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kuwa ya riga yana da samfila a kowane layi, kuma sigar Producer tana zuwa da Edison da Slicex na ɗaukar sauti da yanka shi, amma sai ka ga bai taɓa buɗe su ba yana neman wani abu a waje. A lura kuma cewa Kontakt Player na kyauta kundayen da aka yi masa rajista kawai yake buɗewa sosai, sauran bayan minti 15 yake yankewa.

Idan ka danna maɓalli sauti ya makara, kada ka zargi manhajar. Direban sauti ne, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da kayan fitar da sauti, ka sa irinta mai suna ASIO4ALL ko ka sayi ƙaramin katin sauti na USB, ka rage girman bafa, wato adadin sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar. Kada ka yanki samfur daga saƙon murya na WhatsApp, an riga an matse shi, ka nemi fayil ɗin WAV da ba a matse ba. Kada ka ɗauki sauti har fitila ta yi ja. Farashin da ka gani a intanet ba shi ne za ka biya ba: yuro 100 ya haura jika 65, kuma ba a sa kuɗin aike da na duwan ba.

Akwai wani kuskuren da ya shafi kalangu musamman, kuma shi ne yake sa mutane su ce na'urarsu ba ta da kyau. Suna ɗaukar bugu ɗaya tak su baza shi a kan maɓallai goma sha shida. Samfila yawanci idan ta ɗaga muryar sauti gajarta shi take yi, idan ta saukar ta ja shi, ga kuma babban abin: kalangu magana yake yi, muryarsa tana lanƙwasa ne a tsakiyar bugu lokacin da makaɗi ya matse igiyoyin da hamata ko ya sake su. Bugu ɗaya ba zai taɓa ba da wannan ba. Ni ina roƙon makaɗi ya ba ni sake da matse da tsaka-tsaki, kowanne da ƙarfi da kuma a hankali, sannan wanda ke hawa da wanda ke sauka, sannan jimloli cikakku da zan yanka daga baya. Don haka lokacin zaɓe ina tambayar ko maɓallan suna jin ƙarfin yatsa, da kuma sauti nawa za su iya fita a lokaci guda ba tare da ɗaya ya yanke ɗaya ba. Kuma a biya makaɗin, a gaya masa inda kiɗansa zai shiga. Kakanninsa ne suka bar masa, ba tsintuwa ba ce.

Abin da nake gaya wa mai farawa, ko da wasu abokan sana'a ba su yarda da ni ba, shi ne kada ya sayi na'ura a shekararsa ta farko. Ya sa Koala Sampler a wayarsa, kuɗinta kaɗan ne kuma tana aiki a Android da iPhone, ya yi wata uku yana ɗaukar sautin turmi da tabarya, da tafin ƴan mata a dandali, da kiran masu talla, yana yankawa yana jerawa. Idan yana da jika 50, abin saurare mai kyau da makirufo da katin sauti sun fi masa amfani. Bayan wata ukun shi da kansa zai san abin da ya rasa, ko maɓallan da za su ji yatsa ne ko batir mai daɗewa.

Idan kuma na hannu aka kawo mini, ba na taya ta sai an kunna ta a gabana da cajarta ta asali. Ina danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, ina murɗa kowane maƙunni ina sauraron ƙaiƙayi a kunne. Sai in soka makirufona in ce "salamu alaikum", in adana a kati, in kashe na'urar, in cire igiyar, in ƙirga ashirin, in sake kunnawa. Idan sallamar tana nan, in cire katin in sa a kwamfutata in ga ko ta buɗe, sannan mu zauna maganar kuɗi.