Darasi na 9: Shuɗin Maganin Hanji na Ƙasar Sin

Akwai wani ciwo da ke kama babban hanji, likitoci na kiransa ulcerative colitis da Turanci. Cikin hanjin ya kumbura, ya yi gyambo. Mai ciwon sai ya riƙa zawo da jini da majina, ga murɗar ciki, ga rama. Yakan lafa na watanni, sannan ya dawo. Ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke wuce gona da iri har ta ji wa hanji rauni.

Mutanen Sin suna da wani tsohon magani da suke kira Qing Dai. Gari ne shuɗi. Ana jiƙa ganyen wasu tsirrai a ruwa har su ruɓe, a zuba farar ƙasa, a kaɗa sosai. Kumfar da ta taso ita ake kwashewa a shanya. Wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane wannan launi, domin sinadarin da ke ba shuni launinsa yana cikin garin.

Maganin yana aiki? Yana yi. Likitoci a Japan, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Keio ta Tokyo, sun gwada shi a kan majinyata 86 masu wannan ciwon hanji, aka buga sakamakon a 2018. An ba wasu rabin giram a rana, wasu giram 1, wasu giram 2, har mako 8. Sauran aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Cikin masu shan garin, mutum 7 zuwa 8 a kowane 10 sun samu sauƙi. A ɗaya rukunin kuwa, ko 2 cikin 10 ba a kai ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Duk da haka an dakatar da gwajin tun bai kammala ba. Labari ne ya zo cewa wani da ya sayi garin da kansa, ya sha na tsawon watanni, ya kamu da hawan jinin huhu. Wannan ba hawan jinin da aka saba aunawa a hannu ba ne. Jijiyoyin da ke kai jini huhu ne ke tsukewa, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙyar har ta gaji. Mutum zai ga ya fara haki daga ɗan tafiya, ƙafafu su kumbura, wani har ya suma. Abin tsoron shi ne yana shigowa a hankali, mai shi na murna zawo ya tsaya. A Disambar 2016 ma'aikatar lafiya ta Japan ta fitar da gargaɗi a kai. Garin yana kuma taɓa hanta, yana sa ciwon kai da ciwon ciki, a wasu mutane ma hanji yakan shige cikin kansa.

Saboda haka ba maganin saye a intanet a sha a ɗaki ba ne. In likita ya yarda a gwada, sai da awon jini don duba hanta, da hoton zuciya lokaci zuwa lokaci. In haki ya fara, a daina sha, a tafi asibiti ranar.

Kada kuma wani ya ce ai muna da baban rini a gida. Ruwan marina da toka aka haɗa shi, na tufa ne. Sannan ba kowane jini a bayan gida ne wannan ciwo ba. Atuni da basir suna kawo shi, kuma kowanne da nasa magani. Awon bayan gida ake fara yi.

Aikin aji: Karanta sakin layi na huɗu da ƙarfi. Rubuta alamomi uku na hawan jinin huhu a littafinka.